Abin da Ya Sa Kurege Yake Tsayawa da Ƙafa Biyu

Tatsuniya kuma? Ku dai ba ku da aikin yi. Tun asuba nake sussukar dawa, bayana kamar zai ɓalle, ba wanda ya ɗaga ko tsintsiya a cikinku, amma bakin roƙo a buɗe yake. Kai Tanko, janye ƙafarka daga bakin murhun nan. Ke Ladingo, rufe min ƙwaryar fura. Guda ɗaya zan yi, wanda ya yi gyangyaɗi shi ya so.

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ban ji ba. Bakin ya mutu ne? Yauwa, ta zo mu ji ta.

A wani daji mai yawan itatuwa an yi wani Kurege. Wayo kam gadonsa ya yi, ƙiwa kuwa a bakinsa aka fara jin ta. Shekarar nan damina ta yi albarka. Da kaka ta shigo, dabbobin dajin suka girbe dawa, suka tuge gyaɗa, suka rore wake, suka tara komai a gindin wata babbar ɗorawa. Abincin shekara ke nan, na kowa da kowa.

To, suna da al'ada. In ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, ganye ya fara zuba, sai Iya Bushiya, wadda ita ce babba a dajin, ta kira gayya. A kankare ciyawa kewaye da amfanin, faɗin taku bakwai, har ƙasa ta fito fes, a kwashe ciyawar a kai nesa. Wutar daji ba ta cin ƙasa. In ta zo ba ta sami abin ci ba, nan take mutuwa.

Sai aka raba aiki. Baba Kunkuru ya ɗauki gabas, Zabuwa ta ɗauki kudu, Iya Bushiya yamma, aka ba Kurege arewa.

Kurege na jin an ce arewa, ya dafe kai. Ashe tun ranar tugar gyaɗa yake cika kumatu yana kaiwa can, yana binnewa a ƙarƙashin ciyawa, daidai inda aka ba shi. In an kankare, asiri ya tonu. Sai ja'irin ya tattake ciyawar ta kwanta, ya ɗebo yashi ya watsa mata sama-sama. In ka hango daga nesa, sai ka rantse an yi aiki.

Kashegari Iya Bushiya ta zo duba aiki. Kurege ya tare ta a hanya ya durƙusa.

"Iya, barka da hantsi. Don Allah tsaya daga nan, yanzu na ga sawun kare."

Iya na jin an ce kare, ta dunƙule, ta gangara gida.

Ran na biyu Baba Kunkuru ya taso. Kurege ya tare shi.

"Haba Baba, in ka ce sai ka isa can da ƙafarka, ai sai wata damina ta same ka a hanya. Hau surin nan ka hango."

Kunkuru ya hau da ƙyar, ya hango yashi fari fat, ya ce, "Madalla, ɗan nan, ka shiryu." Ya juya.

Ran na uku Zabuwa ta zo tana taku ɗai-ɗai. Kurege ya riƙe baki.

"Kai, Gwaggo! Wannan zane mai ɗigo-ɗigo a ina aka rina shi? Kada ki shiga da shi, hanyar duk ƙarangiya ce."

Zabuwa ta dubi zanenta, ta dubi hanya, ta ce, "Ka yi gaskiya." Ta koma tana yanga.

Shi ke nan, Kurege ya ga ya tsira. Wata rana da hantsi kwaɗayin gasasshiyar gyaɗa ya taso masa. Ya tono 'yar kaɗan, ya shige cikin daji can gabas inda ba mai ganinsa, ya tara busasshen ganye da kandilo, wato busasshen kashin shanu, ya hura wuta. Ya gasa, ya ci, ya lashe hannu. Da zai tafi sai ya tattaka wutar da ƙafa, ya ga toka ta yi fari, ya ce ta mutu. Bai tona tokar ba, bai zuba ƙasa ba. Shi kuwa kandilo munafuki ne, baya sanyi, ciki ja.

Azahar na yi, iska ta taso. Ta hura tokar sau ɗaya, sau biyu, a na uku Wuta ta miƙe ta yi hamma.

Ta ci ganye, ta ci gamba, ta hau busassun rassa tana ƙas-ƙas-ƙas. Shirwa ta cika sama tana cafke fara. Kurege yana barci a inuwar suri, hayaƙi ya tashe shi da atishawa.

Su kuwa mutanen gindin ɗorawa ko a jikinsu. Suna ta daka, Zabuwa tana ba da waƙa:

"Zo ki gani, ja mai haɗama,
Mun share gida, mun share ƙofa,
Yau da yunwa za ki kwana."

Wuta ta iso gabas, ta yi sallama. "Baba Kunkuru, ba ɗan abin taɓawa?" Ta lasa nan, ƙasa. Ta lasa can, ƙasa. Ta yi tsaki ta bi gefe.

Ta iso kudu. "Zabuwa, ko ɗan tsinke?" Ƙasa fes. Ta yi tsaki ta bi gefe.

Ta iso yamma. Wajen Iya Bushiya kuwa ko tuwo ka zuba sai ka ci. Wuta ta rame, ta fara tari. Sai ta ɗaga hanci ta shaƙo ƙanshin busasshiyar ciyawa daga arewa, ta ce, "Af! Ashe akwai mai ƙaunata."

Kurege yana kallo. In ya yi shiru, Wuta za ta bi ta ƙarƙashin yashin nan ta shige, ta cinye abincin shekara, kuma ba wanda zai san ta inda aka yi. In ya yi magana, ya tona kansa a gaban duniya. Ya dubi dawar nan dami a kan dami. Ya dubi Iya Bushiya tana sheƙar wake da 'yan gajerun hannuwanta. Sai ya haye kan suri, ya miƙe da ƙafa biyu, ya kwarma ihu.

"Jama'a, arewa! Ban kankare ba! Yashi na watsa, ciyawar tana ƙasa!"

Taɓarya ta tsaya. Zabuwa ta buɗe baki za ta fara, Iya Bushiya ta ce, "Zagi sai an jima. Kowa ya karyo ɗanyen reshen kalgo."

Aka ruga. Ran nan aka ga Kunkuru ya yi gudu, har yau ba a sake gani ba. Ya kafa fartanya a baya yana kankare sabuwar hanya. Zabuwa ta manta da zane, tana tona ƙasa da ƙafa tana watsa wa Wuta a ido. Iya Bushiya tana ta fyaɗa kalgo. Kurege bai tsaya neman reshe ba, da wutsiyarsa ya yi ta duka, tana ƙauri yana duka, tana ƙauri yana duka. Wuta ta yi tsalle, aka buge ta. Ta sake, aka buge ta. Ta yunƙura na uku, ta tarar Kunkuru ya gama, gabanta ƙasa ce tsirara. Ta yi ajiyar zuciya ta kwanta. Ko zangarniya ɗaya ba ta taɓa ba.

Suka zube suna haki. Sai wani ƙanshi ya taso. Kunkuru ya ɗaga hanci. Zabuwa ta sa ƙafa ta tona inda ya ƙone, sai ga gyaɗa tuli guda, ta gasu ta yi jawur.

Kowa ya juyo ya dubi Kurege. Kurege ya dubi wutsiyarsa da ta koma kamar tsohuwar tsintsiya, ya yi gyaran murya.

"Ai abincin 'yan gayya ne. Tun tuni na tanadar muku."

Kunkuru ya yi dariya har ya kife, sai da aka taru aka birkito shi. Aka baje gyaɗa, aka ci, aka kira maƙwabta, aka yi rawa har inuwa ta miƙe. Sai da ciki ya ɗauka Iya Bushiya ta kira shi.

"Zo nan, ɗan nema. Tokar kandilon da ke ƙafarka ta gaya min komai. Kai ka kira Wuta, kai kuma ka fallasa ta, don haka ba za mu kore ka ba. Amma daga yau rabonka a gabana za ka kankare shi. Kuma tunda ka iya hawa suri ka yi ihu, kai ne mai gadin hayaƙi."

Ta tsoma yatsa a toka ta ja masa layi a haƙarƙarin dama, ta ja a na hagu, don kowa ya san mai gadi. Shi ne farin layin da kuke gani a jikin kurege. Shi ya sa kuma in yana gudu sai ya tsaya cak da ƙafa biyu yana leƙe-leƙe. Hayaƙi yake nema.

Wutar kaka ba a kashe ta da ido, kuma in an ba ka rabonka na shara, gidan kowa aka ba ka. Ƙurunƙus kan gasasshiyar gyaɗa.

Kai Tanko, mai gidana, me ya sa kake sunkuyar da kai? Ka ɗauka ban san wanda ya gasa dankali a bayan rumbu jiya ba? Ni na bi na zuba ƙasa. Tashi ka tona murhun nan, ka yayyafa ruwa, ka sa tafin hannunka ka ji ya yi sanyi. Sauran kuma kowa tabarmarsa. Na ji tari ɗaya, gobe da shi za a fara kankare bayan gida.