Shamuwa da Wayar Ƙetaren Teku

An yi wata Shamuwa mai son a gani a yaba. Duk rani takan tashi zuwa ƙetaren teku, ba ta dawowa sai damina ta ƙarato. Maƙwabciyarta Bushiya ce, tsohuwa mai yawan tambaya.

Ranar tafiya Shamuwa ta ce, "Inna, bana sabuwar waya zan sayo, irin wadda ba a taɓa gani a dajin nan ba."

Bushiya ta ce, "Madalla. Amma kafin ki biya, ki tambayi mai shago: a kulle take ko a buɗe? Za ta karɓi layinmu na gida?"

"Haba Inna! Waya ai waya ce. Ƙasar da ta fi mu komai, wayarta ce za ta kasa aiki a nan?"

"Ni dai na ce ki tambaya."

"Ba zan tsaya ina tambaya kamar baƙauya ba!"

A can kuwa Shamuwa ta ga wata waya mai sheƙi. Maganar Bushiya ta faɗo mata a rai, har ta buɗe baki, sai ta ga tsuntsayen birni suna kallonta. Kunya ta kama ta. Ta biya, ta cire sim ɗinta, ta jefa tsohuwar wayar cikin teku.

A hanyar dawowa, saura kaɗan ta iso gida, guguwa ta maka ta da bishiya, fiffike ya goce. Ta lallaɓa ta sa sim a sabuwar wayar don ta kira Bushiya. Waya ta haska, amma babu sabis. Ta kashe ta kunna, ta ɗaga ta sama. Shiru.

Nan ta kwanta cikin ƙaya, ga ciwo ga ƙishirwa, tana tunani. "Tambaya ɗaya ce fa," in ji ta a ranta. "Waɗanda na ji kunyarsu ma ba su san sunana ba."

Sai washegari wata Balbela mai bin shanu ta gan ta, ta ara mata waya ta kira Bushiya. Bushiya ta taho da masu ɗori, ba ta ce mata komai ba sai "Sannu, 'yar nan."

Sabuwar wayar tana nan cikin sheƙar Shamuwa har yau. 'Ya'yan Shamuwa ne ke duba fuskarsu da ita.

Darasin wannan labari shi ne, kafin ka sayi waya a wata ƙasa, ka tabbatar za ta yi aiki da layin gida. Kuma kada kunyar baƙi ta hana ka tambayar abin da ba ka sani ba.