Yadda Malam Hambali Ya Ƙi Sa Hannu a Takardar Waziri

Wannan labari na same shi ne a cikin wani tsohon littafi marar bango, wanda gara ta cinye farkonsa, saboda haka ban san wanda ya rubuta shi ba. Allah ya jiƙansa, ko wane ne.

An ruwaito cewa a zamanin da ya shuɗe akwai wani birni da ake kira Dalmaje. A tsakiyarsa akwai wata babbar makaranta mai malamai talatin da uku, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashe masu nisa don neman fiƙihu da nahawu da hisabi da ilmin magani. Al'adar makarantar tun kafuwarta ita ce, in Shehunta ya rasu, sai malamai su taru a zauren littattafai bayan addu'ar bakwai, su zaɓi ɗaya daga cikinsu, su kai sunansa fada, Sarki ya naɗa masa rawani.

A zamanin Sarki Mainasara, Allah ya yi wa Shehu Ɗayyabu rasuwa. Sarki yana da wani waziri, Jatau, mutum mai kaifin basira da tsananin son iko. Ya daɗe yana jin haushin makarantar, domin sau da yawa in ya yanke hukunci sai malamai su ce bai dace da shari'a ba. Da Shehu ya rasu, sai ya je ya faɗi gaban Sarki, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kakanninka suka gina makarantar nan, hatsinka take ci. Yaya za a ce waɗanda kake ciyarwa su ne za su zaɓa maka wanda za ka naɗa? Ga Malam Sidi, mai karanta maka wasiƙu, mutum mai ladabi da biyayya. A ba shi."

Malam Sidi kuwa ƙanen matar Waziri ne, bai kuma taɓa zama ya koyar da ko ɗalibi ɗaya ba.

Sarki ya ce, "Ba na son a ce na rushe al'adar kakannina. In malamai sun yarda da shi, na yarda."

Waziri ya ce, "Za su yarda, ranka ya daɗe."

Ranar addu'ar bakwai aka sanar wa malamai cewa Malam Sidi za su zaɓa. Malam Ukashatu, malamin fiƙihu, ya miƙe a gaban jama'a ya ce wannan ba zaɓe ba ne, ɗorawa ce. Washegari da hantsi, yana tsakiyar karatu, dogarai huɗu suka shigo suka ɗaga shi daga kan buzunsa, ɗalibai na kallo, aka wuce da shi gidan yari aka sa masa marin ƙarfe a ƙafa. Daga wannan rana makaranta ta yi tsit. Malami ya gamu da ɗan'uwansa a hanya, sai su gaisa a tsaitsaye kowa ya wuce, don ba wanda ya san wa ke kai wa Waziri magana. Kullum safiya ana kiran mutum uku ko huɗu gidan Waziri, su dawo da tawada a yatsa, kansu a sunkuye.

A cikin malaman akwai wani Malam Hambali, malamin nahawu, ɗan siririn mutum mai sanyin murya. Duk birnin an san shi da tsoro. Ko ɗalibi ya ɗaga masa murya sai ya rasa abin faɗi. Saboda haka Waziri ya bar shi ƙarshe, don bai ɗauke shi a bakin komai ba. Kwana tara Malam Hambali yana jiran a kira shi. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gidansa sai ya ɗauka ɗan aiken Waziri ne. Abinci ya gagare shi.

Matarsa Uwani ta dube shi ta ce, "Malam, ka dubi girman Allah ka dubi yaran nan biyar. In an kira ka, ka sa hannu ka dawo mana. Mutum talatin da ɗaya sun sa, kai kaɗai za ka gyara duniya? Jiya na je gidan Malam Ukashatu, iyalinsa ko wuta ba su hura ba."

Ya ce, "Zan sa, Uwani. Ni wane ne da zan ja da Waziri?"

Rana ta goma aka aiko. Ya tashi ya tafi. Ya tarar da Waziri zaune a soro, dogarai tsaye a bayansa, ga takarda shimfiɗe da gidan tawada. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka miƙa masa alƙalami. Da ya tsoma shi a tawada, sai halin malamin nahawu ya rinjaye shi, ya tsaya ya karanta abin da ke rubuce. Ga abin da ya gani: "Mu malaman makarantar Dalmaje, mun shaida a gaban Allah cewa mun taru mun zaɓi Malam Sidi da yardar kanmu, ba wanda ya tilasta mu."

Ya karanta sau biyu. Ya zo da niyyar yin biyayya, amma bai zo da shirin kiran Allah shaida a kan ƙarya ba. Ya ji tsoron Waziri a gabansa, ya ji wani tsoron da ya fi shi a cikin ƙirjinsa. Ya tsaya riƙe da alƙalami har tawada ta ɗiga a kan tabarma.

Waziri ya ce, "Malam, me kake jira?"

Malam Hambali ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. An rubuta mun taru. Ba mu taru ba."

"To, sai me?"

"In an sake rubutawa cewa Waziri ya umarta, muka bi, wallahi yanzu zan sa hannu. Amma wannan ba zan iya ba."

Waziri ya yi dariya, irin wadda ba ta kai zuci ba. Ya ga cewa in ya kai wannan matsoraci gaban Sarki, zai ruɗe ya kasa magana, a hukunta shi a bainar jama'a, saura su ƙara shiga taitayinsu. Ya ce wa dogarai su kama shi su biyo shi fada.

An ce da aka shigar da shi, Malam Hambali bai iya ɗaga kai ba, ƙafafun mutane kawai yake gani. Waziri ya miƙa takarda, ya ce malamai duka sun yarda, sai wannan guda da ya raina umarnin Sarki.

Sarki ya dube shi ya ce, "Malam, zan yi maka tambaya ɗaya. Ni nake naɗa alƙalai, ni nake naɗa hakimai, ba wanda ke tambayata dalili. Me ya sa makarantar da ke cikin ganuwata za ta fita daban? In ka gamsar da ni, ka tafi gidanka. In ka kasa, za ka bar ƙasata kai da iyalinka kafin rana ta faɗi, ba kuma za ka fita da littafi ko ɗaya ba."

Malam Hambali ya nemi hujja daga cikin duk abin da ya karanta, ya tarar kansa fayau, ba ko harafi. Abin da ya faɗo masa kawai shi ne labarin da mahaifinsa ya sha ba shi. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ba ni da amsa. Amma ubana ba malami ba ne, mai jan raƙumi ne, ya kuma ga wani abu da idonsa. In an yi mini izini in faɗa."

Sarki ya ce, "Faɗi."

Ya ce, "Akwai wani attajiri, Ɗanjuma Mai Gishiri, yana da raƙuma ɗari uku da ke ƙetare hamada ɗauko gishiri. Al'adar ayarinsa, masu jan raƙuma ke zaɓen madugu daga cikinsu, shi kuma ya ba shi sanda. Wata shekara madugu ya mutu, sai attajiri ya ce raƙumansa ne, don haka ya naɗa surukinsa, mutumin kirki, amma sau ɗaya ya taɓa bin hanyar. Wani tsoho, Agali, ya ce ba a yi daidai ba. Attajiri ya sa aka yi masa bulala ashirin a gaban kowa, aka kore shi.

"Ayari ya tashi, mutum ɗari da ashirin, har da ubana yana saurayi. A kwana na sha tara suka iso inda hanya ta rabu biyu. Sabon madugu ya nuna ta hagu, don ita ya bi a wancan zuwan, akwai kuma rijiya a kanta. Duk tsofaffin ayari sun san rijiyar nan ta ƙafe shekara biyu da suka wuce. Ubana ya ce suka dubi juna. Wannan yana jiran wancan ya yi magana, wancan yana tuna bayan Agali. Wani ya ce a hankali, wanda ya naɗa shi ai ya fi mu sani. Shi kuma madugu bai tambayi kowa ba, don yana jin kunyar a gane bai san hanya ba. Haka suka juya raƙuma hagu, kowa ya san inda za shi.

"Kwana huɗu suka isa rijiyar. Suka zura guga, ya fito da yashi. Ranka ya daɗe, ba zan faɗi abin da ya biyo baya a majalisarka ba. Sun yanka raƙuma sun sha abin da ke cikinsu. Mutum bakwai suka dawo. Madugu ba ya cikinsu. Attajiri ya riƙe rigar ubana yana kuka, yana cewa, kun sani, don me ba ku gaya masa ba? Ubana ya ce, Alhaji, ranar da ka bugi Agali ka gaya mana ba ka son jin abin da muka sani."

Malam Hambali ya ƙara da cewa, "Alƙali da hakimi aikinka suke yi, kai ka fi kowa sanin su. Amma wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba, sai wanda ya zauna da shi a kan buzu shekara da shekaru. Mu mun san rijiyoyin, Allah ya ja zamaninka. Makaranta ba ta mutuwa a kwana huɗu. Sai bayan shekara ashirin, ranar da ka nemi alƙali masani a ƙasarka ka rasa."

Waziri ya yi wuf ya ce, "Tatsuniya ce, ranka ya daɗe. Ga hannun mutum talatin da ɗaya."

Sarki bai dube shi ba. Ya sa aka kira malaman duka, ya umarci Waziri da dogaransa su fita waje, ya rantse cewa duk wanda ya faɗi gaskiya yana cikin amana. Duk da haka ba wanda ya yi motsi. Can sai wani tsoho makaho, Malam Zubairu, malamin tafsiri, ya fashe da kuka ya ce, "An kama hannuna ne aka ɗora a kan takarda. Shekarata saba'in da shida ban taɓa shaidar zur ba sai ranar Talatar nan." Daga nan sai baki ya buɗe, kowa ya faɗi abin da aka yi masa.

Aka kira Malam Sidi. Ya zube ya ce, "Wallahi ban nema ba. Tun da aka ambace ni nake tunanin ranar da ɗalibi zai tambaye ni mas'ala a gaban mutane. A bar ni da wasiƙuna."

Sarki ya sallame shi. Sa'an nan ya ce wa Malam Hambali, "Saura abu ɗaya. Malamai ma mutane ne. In kuka zaɓi wani don abota, ko don ya ƙi ni, fa?"

Ya ce, "Yana yiwuwa, ranka ya daɗe. Ba mu fi ƙarfin son zuciya ba. Sai dai mutum talatin da uku suna jayayya a fili sun fi wuyar ɓata a kan mutum ɗaya yana raɗa."

Sarki ya yanke hukunci cewa daga ranar malamai za su kawo sunaye uku, shi ya ɗauki ɗaya, ba kuma zai naɗa wanda ba ya cikinsu ba. Ya sa aka yaga takardar, aka kwance Malam Ukashatu, aka hana Waziri sa baki a sha'anin makaranta har abada. Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya sa aka yafa wa Malam Hambali. An ce da Malam ya fita ƙofar fada, mutum biyu ne suka raka shi har gida.

Malamai suka shiga zauren littattafai, suka yi kwana huɗu suna musu, ana jin muryoyinsu daga kasuwa. Wasu suka yi fushi suka fita, aka lallaso su suka dawo. A ƙarshe suka kai sunaye uku, Sarki ya zaɓi Malam Nuhu, malamin hisabi, wanda ya riƙe makarantar shekara ashirin da biyu. Mai littafin ya ce Malam Nuhu ya yi kurakurai da yawa a zamaninsa, amma ba kuskuren da ya kwana biyu ba a gaya masa ba, domin waɗanda suka zaɓe shi suna ganin kuskurensa nasu ne.

Abin lura a nan, ya kai mai karatu, shi ne cewa mai iko yana iya naɗa wanda ya so, yana iya sa mutane su sa hannu, amma ba ya iya sa su faɗa masa gaskiya bayan ya tsorata su. Wanda duk zai shugabanci masu sani, a tambayi masu sanin kafin a naɗa shi. Iyakar abin da gara ta bar mana na labarin ke nan. Allah shi ne mafi sani.