Gidan da Tabawa Ta Ƙi Bari

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace wa masu ba da labari, an yi wani sarki ana ce da shi Nadabo, mutum mai son mahaifiyarsa har abin ya so ya yi yawa. Da fatake suka zo da waɗansu magina daga gabas, masu aiki da gasasshen tubali da sassaƙaƙƙen dutse, sai ya sa suka gina mata gidan da ba a taɓa ganin irinsa ba. Aka gama, aka je ɗauko mahaifiyar tasa, Mai Babban Ɗaki, tsohuwa Tabawa. Ta ce atafau ba inda za ta, gidanta na ƙasa ya fi kyau.

Ran sarki ya sosu. Ya tara fada ya ce, "A auna kyan gidajen nan biyu. In sabon ya rinjaya, a rushe tsohon, ta ƙaura. Waziri, na ɗora maka."

Waziri Barau kuwa a tsohon gidan ya tashi, akushi ɗaya suka ci tuwo da sarki. Kafin ya fara komai, Tabawa ta aika ya zo, ta sallami kuyanginta.

Ta ce, "Barau, matso. Idona ya tafi tun bara. A nan ƙafata ta san kowane dokin ƙofa, hannuna ya san bango, shi ya sa ba wanda ya gane. A can kuwa sai an ja ni da sanda. Yaron nan in ya sani, abinci ba zai ƙara yi masa daɗi ba. Rantse ba za ka gaya masa ba."

Waziri ya rantse. Ya fito tausayinta ya cika shi, ya rasa inda zai sa kansa.

Malamai suka shiga aiki da igiya da kamu, suna gyaɗa rawuna sai ka ce kyau hatsi ne da za a zuba a mudu. Suka auna tsawo, sabon gida ya fi. Suka auna miƙewar bango da hasken tagogi, ya fi. Hatta zankwayen saman soro, na tsohon duk ruwa ya cinye musu kai. Waziri bai murɗe gaskiya ba, ya kai wa sarki yadda aka samu.

Sarki ya yi murmushi ya ce, "To, a kira masu rushewa."

Waziri ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, ido ya gama nasa awon, saura hannu. Gida ba kallonsa kaɗai ake yi ba. Ina roƙon sarki ya shafa bangon kowanne da kansa, sannan ya yanke."

Suka je sabon gida, sarki ya shafa, ya ji sumul da sanyi ko'ina. Suka wuce tsohon. Tun daga shigifa tafinsa ke cin karo da kaushin yaɓe, sai yatsunsa suka faɗa wani siririn layi mai santsi, daidai ƙugunsa, wanda bai san da shi ba lokacin ƙuruciya. Ya bi shi. Layin ya kai shi bakin randa, ya kai shi wurin salla, ya tsaya a ƙofar ɗakin uwarsa.

Suka gaishe ta, suka zauna. Tabawa ta hana kowa tashi, ta ce ita za ta dama musu fura. Sarki na kallo ta tafi, yatsunta na bin layin nan, ta dawo haka. Kafin ta iso ya ɗan gusa gefe don ya ba ta wuri. Ita kuwa ta miƙa ƙwaryar daidai inda ta ji muryarsa ɗazu, tana yi wa bango murmushi.

Waziri ya sunkuyar da kai. Sarki ya dubi idanunta da kyau. Can ya ja jiki a hankali, ba ko ƙarar riga, ya koma inda take miƙo hannu, ya karɓa da hannu biyu. Hawaye na zuba cikin gemunsa, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

Ya ce, "Iya, an gama awo. Gidanki ya fi kyau."

A fada ya yanke cewa sabon gida ya zama masaukin baƙi, aka yi wa maginan gabas kyautar riguna domin aikinsu ba shi da aibu. Tsohon kuwa a gyara shi ta waje duk shekara, amma kada mai yaɓe ya taɓa bangon ciki, kada a gusar da ko kujera daga inda take. Bai faɗi dalili ba, Waziri ma bai faɗa ba.

Da Waziri ya koma ya shaida mata hukuncin, Tabawa ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Ai na gaya masa tun farko. Yaron nan tun yana ƙarami ba shi da idon gane abu mai kyau."

Waziri ya ce, "Haka ne, Iya." Ya ɗauki ƙwaryar fura ya kai baki, don kada ta ji yadda muryarsa ta koma.