Metir ɗin Rabo

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta.

Akwai wani mai sayar da yadi a kasuwar Tasawa, sunansa Rabo. A shekarar da fari ya ƙone gero, zamanin mulkin soja, sai ga wani baƙo, Manzo, daga Daura. An rufe iyakar ƙasa yana wannan gefe, ya kafa rumfa kusa da ta Rabo.

Manzo akwai fara'a. Mata suka fara tsayawa wurinsa, abin yana cin Rabo a rai.

Sai dai Manzo da yadi ya saba awo, nan kuwa metir ake yi. Ya ɗauko sandarsa ta awo ya je ya durƙusa gaban Rabo.

"Yaya Rabo, nawa metir ya fi yadi?"

Yatsu huɗu ne kacal. Amma Rabo ya ce, "Ƙara ɗani guda cur. Sojan nan ba su wasa da mai tauye awo, sai ka kwan gidan kaso."

A ransa ya ce, kafin kaka jarin baƙon nan ya ƙare.

Manzo ya sassaƙa doguwar sanda. Riba ta ragu, amma labarin yalwar awonsa ya kai har garuruwan Korgom da Urafan. A shekarar da kowa ke ƙididdige tsaba, wa zai ƙi ƙari? Rabo na zaune yana korar ƙuda.

Ran nan wata tsohuwa, Furera, ta yaba wa Manzo. Ya ce, "Iya, ba ni za ki gode wa ba. Yaya Rabo ya koya mini metir na gaskiya."

Tsohuwa ta juyo a hankali.

"Rabo! Ashe ka san na gaskiyar? To, wanda ka yi shekaru kana auna mamu hwa, na wane gari ne?"

Mutane suka taru. Aka jera sanda biyu, ta Rabo ta gaza. In ya ce tasa ce daidai, ya tona ƙaryar da ya yi wa baƙo. In ya yi shiru, ya zama mai tauye awo.

Sai Rabo ya ce, "Manzo, ara mini taka in sassaƙa irinta."

Darasi: Hassada ga mai rabo taki ce, kuma awon da ka yi wa baƙo da shi za a auna ka. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.

Ƙurunƙus kan kusu, ba don gizo ba da na yi muku ƙarya.