Shuɗiyar Igiyar Malam Haladu

Ku matso kusa, yau ta gardama na kawo muku, wanda ya san ba ya jure musu gara ya tashi tun yanzu.

Malam Haladu ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen haɗa kwamfutoci su yi magana da juna. Ya yaye ɗalibai da yawa, amma uku ne suka zame masa 'ya'ya: Barira da Tasi'u da Sagir, duka ma'aikatan babban asibitin birni. Da tsufa ya zo sai ya koma garinsu, Rafin Kuka, inda kiran waya ma sai an hau tudu, balle tura hoto. Shi ya haɗa ƙaramin asibitin garin da na birni da wasu tsofaffin rautoci, na'urorin nan masu nuna wa saƙo hanya.

Ran nan da damina, da hantsi, nas ta kira Barira daga kan tudu ta ce Malam ya yanke jiki ya faɗi, zuciya ce. Ga kogi ya shanye gada, mota ba ta shiga. Likitan zuciya na asibitin birni ya ce allura biyu ce, ɗaya ta tashe shi, ɗaya ta ƙarasa shi, kuma ba zai zaɓa ba sai ya ga bugun zuciyar a allonsa. Aka buɗe allo, wayam. Barira ta ji tsoro ya kama ta, don Malam shi ya fara ɗora hannunta a kan kwamfuta.

To, ku san halin tsofaffin rautocin nan. Kamar maƙwabta suke, lokaci-lokaci kowace takan gaya wa ta kusa da ita, "Ta wurina ake zuwa unguwa kaza." Unguwa a nan rukunin kwamfutoci ce, gida kuwa kwamfuta guda. Amma lamba kaɗai take faɗi, ba ta faɗin ma'aunin da ke nuna inda lambar unguwa ta tsaya, ta gida ta fara. Mai saurare da nata mudun take awo. Shi ya sa duk unguwar da aka yanka da wani ma'auni daban, rauta ba ta ko ambatonta, gudun kada a yi mata gurguwar fahimta.

Kowa ya ce iska ce ta karkatar da eriya. Barira kuwa ta zauna tana sauraron shelar rautoci. Ta ga ta Rafin Kuka lafiyarta lau, tana ta magana, sai dai unguwar asibiti ce ba ta shiga bakinta. Jin abin da aka faɗa kowa ya iya, ita kuwa abin da ba a faɗa ba ta ji. Ta bi sawu ta gano masu kwangilar da suka ƙara kwamfutoci kwanan baya sun sake yanka unguwar da ƙaramin ma'auni. Ba don ita ba, da ana kan eriya za a kira sallar gawa.

Sanin ciwo kuma ba magani ba ne, don sake lambobin asibiti duka sai ya ci yini. Tasi'u, wanda ake wa dariya saboda son tsoffin kaya, shi ya tuna wata ɗabi'ar rautocin. Ko sun yi gum a kan unguwa, suna shelar gida guda in an ba su cikakkiyar lambarsa, mai saurare kuma in ta auna ta ga lambar ta yi rara, sai ta gane gida ɗaya ake nufi. Ya ce, "Yaya Barira, mu ƙyale unguwa, mu yi shelar kwamfutar da ke gefen gadon Malam." Ba don shi ba, da Barira ta riƙe gaskiyarta ta yi ta kuka.

Saura aiwatarwa. Malam, mai tsantseni, ya kulle rautar can yadda ba a shiga cikinta daga nesa, sai an jona ta da kwamfuta ta igiyar waya hannu da hannu. Sagir ya hau babur har bakin kogi. Masu kwalekwale suka ce ba da su ba. Shi kuwa jikan masunta ne, ya naɗe kwamfutarsa cikin leda, ya ɗaure ta a ka, ya faɗa ruwa. Ruwa ya ja shi nesa kafin ya kama wata saiwa ya fita. Ya iso asibiti jina-jina, ya ciro shuɗiyar igiyar Malam da ke rataye a ƙusa, ya jona, ya shigar da lambar.

Barira na tsaye a bayan likita allo ya haska, ga layin bugun zuciya yana tsalle. Likita ya duba, ya zaɓi allurar da ta dace, ya ce a gaya wa nas ta yi masa ita. Nan Barira ta durƙusa ta fashe da kuka.

Da Malam ya samu sauƙi ya tara su. Ya ɗauko igiyar nan, wadda shi ma malaminsa ya ba shi, ya ce duk wanda ya karɓe ta shi ne magajin shagonsa da ɗalibansa, kuma igiya in an yanka ta uku ta tashi daga aiki. Barira, gaskiya, ranta ya so igiyar nan ƙwarai, amma ta nuna tabon da ke ƙafar Sagir. Sagir ya nuna Tasi'u, Tasi'u ya nuna Barira. Malam ya zauna da igiya a hannu, yana dariya yana share ƙwalla.

To, ku da kuka iya magana, a hannun wa zai sa ta: wadda ta ji shirun, ko wanda ya san dabarar, ko wanda ya shiga kogin?