Lemon da Ya Ruɗi Jatau Mai Zane

Akwai wani mai zane a Cadawa ana ce masa Jatau, Allah Ya jiƙansa. Da ƙwarya ya fara, yana yi mata ado da wuƙa mai zafi. Daga nan ya hau bango. Shi ya ƙawata zaurukan attajirai, shi ya zana zaki a bayan motar gyaɗa, har wanzamin kasuwa sai da ya sa ya zana masa aska da ƙaho a ƙofar rumfa.

Aibinsa guda ne: bakinsa bai iya cewa "ban sani ba".

Ana saura mako guda a karɓi mulkin kai, Mushe Iro, malamin boko, shugaban lakol, wato makarantar Agiye, ya aika aka kira shi. A gaban jama'a ya nuna masa bangon da ke kallon hanya.

"Malam Jatau, tutar ƙasa nake so a nan. Ranar Laraba manya za su zo daga Tasawa, a gabanta za a tsaya. Ƙasa tsanwa, tsakiya fari. Sama oranj, da rana oranj a cikin farin. Ka gane?"

Jatau bai taɓa jin kalmar nan ba. Ya dubi mutanen da suka zuba masa ido, ya ce, "Haba Mushe, oranj ai ba baƙona ba ne."

Mushe ya hau mota ya tafi Maraɗi, sai jajibirin biki zai dawo.

To, mene ne oranj? Jatau ya wuni yana juya ta a baki. Ƙarshe ya je tasha wajen Ɗan Bala, direban nan da ya zana wa zaki.

"Wani baƙauye ne ya tambaye ni mi ake nufi da oranj. Na ce bari in gwada ka, ko yawon naka na banza ne."

Ɗan Bala ya ce, "Lemo ke nan da Faransanci, mai zaƙin. Ka gaida baƙauyen."

Jatau ya nemo lemon zaƙi wajen masu kawo shi daga kudu. Ya juya shi nan, ya juya shi can. Ɓawonsa tsanwa shar. Abin ya ɗaure masa kai: in launi guda ne, don me Mushe ya ba shi suna biyu? Sai ya ce a ransa, ƙila na sama ya fi duhu ne. Ya dama fenti ya hau tsani.

Ranar Litinin ya gama. Sama tsanwa, ƙasa tsanwa, ga rana tsanwa a tsakiya kamar ɗanyen kabewa.

Wani bafatake da ya dawo daga Katsina ya tsaya, ya sauke kayansa don dariya.

"Kai mai zane! Launin tutar da mutanen Ingilishi, maƙwabtanmu na wajen Katsina, za su ɗaga ne wannan. Ko ka sayar musu da Agiye ba mu sani ba?"

Jatau ya sake duban bangon. In manya suka tarar da launin maƙwabta a bangon lakol, ba shi kaɗai zai ji kunya ba, har Mushe da garin baki ɗaya. Kuma babu mai sake ba shi ko bangon akurki.

Akwai wata tsohuwa, Kyauta, mai yi wa Mushe abinci. Kwana uku tana zaune a inuwar itacen bedi tana kallon aikin, tana taunar goronta. Jatau ya san tana shiga ɗakin Mushe. Ya yi ta kai da komo, sannan ya cire takalmi ya durƙusa.

"Inna, kin taɓa ganin tutar nan?"

"Ƙarama na kan teburinsa, kullum ni ke kaɗe mata ƙura. Sai dai yanzu ya tafi da ita Maraɗi."

"Amma kika yi shiru?"

"Ina nan ka ce oranj ba baƙonka ba ne. Na ce to, bari in ga yadda za ka sauke shi."

Jatau ya sunkuyar da kai. "Inna, ban san shi ba. Ki gaya mini don Allah."

Tsohuwa ta ɗauko wani fasasshen kasko ta tofa ruwan goron bakinta, ta miƙa masa.

"Ga oranj ɗinka. Ruwan goro ne, ɗana. Kullum yana bakinka kana neman shi a tasha."

Ya kankare bangon da hannunsa, masu wucewa suna tsokanarsa. Ya haɗa ja da rawaya, yana kawo mata tana dubawa.

"Wanga jinin rago ne, ƙara rawaya."

Ya ƙara.

"Yanzu kuma ka kai shi ƙwai. Dawo baya kaɗan."

Sau bakwai suna haka kafin ta ce, "Yauwa." Damina ce, hadari ya haɗu ranar Talata, Allah da ikonSa bai zuba ba sai da fenti ya sha iska. Ranar Laraba manya suka tsaya a gaban bangon, aka yi biki lafiya. Da aka yaba masa, sai ya nuna Inna Kyauta ya ce ita ta ba shi launin.

Bayan nan aiki ya yi ta zuwa. Ya zana uwa da goyonta a gidan likita na Gazawa, ya yi wa ƙofar kasuwa ado a Gidan Sori. Sai dai ya zama mai tambayar da ke gajiyar da mutane. An ce a Gazawa likita ya ce masa, "Bangon nan fari kawai."

Jatau ya ajiye gwangwani ya ce, "Wane farin, ranka ya daɗe? Na nono ko na auduga?"

Darasi: 'Yan'uwa, "ban sani ba" ba ta rage wa mutum daraja, girman kai ne ke sa a yi aiki sau biyu. Sau da yawa amsar tana wajen wanda ba mu ɗauka komai ba, yana jiran mu tambaya. Allah Ya raba mu da kunyar tambaya. Ku tura wa wani, ƙila yau shi ma da nasa lemon a hannu.