Ƙofar da Ba Ta Amsa Sallama

Kun taɓa tsayawa a bakin ƙofar da ba ta da mai gadi? Ba wanda za a yi wa sallama, ba wanda za a ce wa "don Allah ɗan nan", ba ma wanda za a yi wa faɗa a huce? To ku gyara zama, ga labarin Inna Yalwa ta Kazaure da wasu 'yan mata uku. A ƙarshensa akwai shari'a, kuma ku ne alƙalan.

Autar Inna Yalwa, Suwaiba, tana karatu tare da mijinta Nazifi a wata ƙasa can gabas, inda ruwan sama bai san rani ba, kullum ganye shar kamar an wanke. A can ta haihu, ta sami 'ya mace. Da a gida ne da an ɗauko ta wankan jego, amma tunda hanya ta yi nisa, sai ya zama uwar ce za ta bi 'yar. Nazifi kuwa, don girmama surukarsa, ya ce ya bar mata zaɓin suna. Aka kira ta a waya, aka haska mata jaririya, aka ce ta faɗa.

Ta ce, "A'a. Ni ba na sa wa hoto suna. Sai na ji nauyinta a hannuna, na shaƙi ƙamshin kanta, sannan sunan zai zo."

Takardun tafiya suka yi ta jan ƙafa, har jirginta bai sauka ba sai ranar suna da hantsi. Garin su Suwaiba kuma yana da nisa da filin jirgi. Liman ya zo, 'yan uwa ɗalibai sun taru, rago na ɗaure. Nazifi ya ce za a jira Inna har rana ta kusa faɗuwa. In ta faɗi ba ta iso ba, dole ya raɗa sunan da ya zo bakinsa, don kada ranar ta wuce yarinya ba suna.

Ƙawayen Suwaiba uku ne suka je tarbar ta: Atika, da Barira, da Juwairiyya. Dukansu ɗalibai ne, ba mai mota a cikinsu, don haka a nan filin jirgin suka shiga ofishin motocin haya. Inna na zaune a kan jakarta, rungume da babban gwangwanin madara da ta cika da yajin jego, kunnuwanta na ta shuu saboda jirgi, tana kallon su kamar ta cikin ruwa. Ma'aikacin ya ɗora wata 'yar na'ura a kan tebur, ba ta fi akwatin ashana ba, ya yi magana. Barira da Juwairiyya suka ce a bar ta, ai in an zo tolget, ƙofar biyan kuɗin hanya, sai a miƙa kuɗi a wuce kamar ko'ina.

Atika ta ce, "Ku miƙa wa wa? Babbar hanyar nan ba mutum ko ɗaya a ƙofofinta. Wannan abin ake manna wa gilashi, shi ke gaisawa da ƙofar, ta cire kuɗinta daga kati, ta ɗaga sanda. In ba shi, sai tsohuwar hanya ta cikin duwatsu, mu isa an share wurin suna."

Barira ta ce, "Ke dai da karance-karancenki, Malama Sani-duka. To katin wa za a ɗaura masa? Nawa dai iska ce a ciki."

Atika ta ciro katin bankinta, wanda abincinta na watan ke ciki, ta tura wa ma'aikacin. Aka manna na'urar a gilashin gaba, wata 'yar koriyar fitila ta fara ƙiftawa a jikinta.

Barira ce ta karɓi makulli, don ita kaɗai ke da lasisin da ƙasar ta yarda da shi. Sitiyarin yana dama, motoci na bin hagu, komai a juye, amma ta yi bisimilla ta hau titi kamar a nan aka haife ta. Atika na gefenta, Juwairiyya na baya tare da Inna.

Hanyar ta miƙe sumul, ba rami, ba akuya, ba mai talla. Itatuwan kwakwar manja suka yi layi dama da hagu har iyakar gani, hazo na tashi daga kwaruruka kamar ƙasa na dafa wani abu. Inna ta jingina kai. Can sai ta ga kanta a tsakar gidansu na ƙuruciya, ƙarƙashin bishiyar cediya, mahaifiyarta marigayiya na zaune a tabarma da jaririya a cinya. Ta ɗago, ta yi murmushi, ta ce, "Yalwa, matso ki ji. Yarinyar nan sunanta..."

Ƙiit!

Inna ta farka. Wata doguwar sanda ta ɗaga da kanta, mota ta wuce ƙarƙashin rumfa, ba kowa a wurin.

Ta ce, "La'ilaha illallahu. Wa ya buɗe mana?"

Atika ta juyo da fara'a, ta nuna gilashi. "Wannan ne, Inna. Shi ya yi sallama, ƙofa ta amsa."

"To ya riƙa yi a hankali mana. Sallama ai ba da tsawa ake yin ta ba."

Suka yi dariya. Barci ya sake ɗaukar ta. Cediya ta dawo, tabarma ta dawo, tsohuwa ta sake buɗe baki, na'ura ta sake yin ƙara. Haka aka yi ta yi. Duk sa'ad da sunan ya zo bakin leɓe, sai ƙofa ta zo, abin ya yi kuka, mafarkin ya watse kamar an jefa dutse a kwarya.

Da suka tsaya a wurin hutawar matafiya don sallar azahar, Inna ta riga su idarwa ta dawo mota. Ta dubi 'yar fitilar nan mai ƙiftawa, fitilar ta dube ta. A ranta ta ce, ai tun ɗazu kake gaishe su, sun san mu yanzu, ka huta. Ta miƙa hannu ta ɓamɓaro ta, ta buɗe gwangwanin yaji, ta tura ta ciki ta danne murfi. Ba mugunta ba ce. So take mahaifiyarta ta ƙarasa magana. Ba ta san cewa ƙarfen gwangwani yana toshe muryar abin ba, ba ta kuma san ƙofofin nan ba sa shaida fuska ba.

'Yan matan suka dawo a guje saboda ruwa ya sauko, ba wadda ta lura da gilashi. Ruwan ya yi ƙarfi har duniya ta zama fari ɗaya. Inna ta koma ƙarƙashin cediya. A wannan karon ba abin da ya yi ƙara. Tsohuwa ta ɗago jaririyar, iska ta kaɗa ganye, ta buɗe baki.

Ita kuwa Barira, ta cikin ruwan, ta hango rumfar wata ƙofa. Ta shiga layin da ba a tsayawa kamar yadda ta saba tun safe. Kunnenta ya jira ƙarar nan, bai ji ba. Ta dubi sanda, sanda na kwance. Ta dubi madubi, sai ga fitilun tirela a bayanta, dab da ita. In ta danne birki gaba ɗaya a kan jiƙaƙƙen titi, mota ta juya, tirela ta hau kansu. In ba ta taka ba, su tashi da sandar ƙarfe. Sai ta kunna fitilun gargaɗi, ta riƙa latsa birki tana saki, latsa tana saki, tana ba direban baya damar gane abin da ke faruwa, hannuwanta kafe a kan sitiyari. Mota ta ja jiki ta tsaya, tsakaninta da sanda bai kai taƙi ba. Tirela ta yi wani dogon nishi ta tsaya a bayansu, har ɗumin injinta ya taɓa gilashin baya.

Inna ta farka da salati. Mafarki ya tafi, bai bar mata ko harafi ba.

Atika ta yi ihu, "Ina na'urar? Barira, ina na'urar?"

"Ni kike tambaya? Ni titi nake kallo ko kayanki?"

Suka duba ƙasa, suka duba aljihun mota, babu. Atika ta danna maɓallin neman taimako a jikin ƙofar, wata murya ta fito daga ƙarfe ta yi Turanci. Atika ta fassara musu: ƙofa ba ta ga shaidar motar ba, ma'aikaci yana wata tasha, zai zo in ruwa ya ɗauke, ya fitar da su gefe a binciki takardu. Tirela na ta hon. Can yamma, ta bayan gajimare, rana ta fara gangarawa.

Inna Yalwa ta gane abin da ta yi. Kunya ta sauko mata kamar an lulluɓa mata jiƙaƙƙen bargo. Ita da ta aurar da 'ya'ya, ita da ake kawo wa ƙara a unguwa, yau ta kusa kashe 'ya'yan mutane saboda mafarki? Ta ƙanƙame gwangwanin a ƙirji, ta juya kai tana kallon ruwa.

Juwairiyya ba ta duba ƙarƙashin kujera ba. Hannun Inna ta duba. Tun safe tsohuwar na riƙe da gwangwanin nan sakwa-sakwa, yanzu kuwa yatsunta har sun yi fari a kansa, ga kuma jan yaji a bakin murfin. Ta san in ta ce "Inna, ko ke kika ɗauka?" a gaban sauran, tsohuwar ba za ta iya cewa e ba, in kuma ta ce a'a an rufe maganar ke nan, ba mai buɗe kayan babba da ƙarfi. Sai ta dafe goshi.

"Inna, jiri nake ji. Ɗan san min yajin nan in lasa, ko zuciyata ta daina tashi."

Suka haɗa ido. Inna ta saki gwangwanin a hankali. Juwairiyya ta sunkuya bayan kujerar direba, ta buɗe, ta zaro na'urar, ta goge ta da gefen mayafinta, ta yi atishawa, sannan ta ɗago.

"Kun gan ta nan! Ashe faɗowa ta yi, ta gangaro ƙarƙashin kujera."

Atika ta karɓa, ta kai hanci, ta ce, "Ikon Allah. Ƙarƙashin kujerar nan citta da masoro ake dakawa." Barira ta dubi madubi, ta ga tsohuwa ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ke dai ɗaga ta, surutu." Aka kara ta a gilashi. Ƙiit! Sanda ta ɗaga.

Gam ɗin bayan na'urar ya mutu da yaji, ba ta mannuwa kuma. Juwairiyya ce ta zauna a bakin kujera, ta miƙa hannu tsakanin Barira da Atika, tana danne ta a gilashi duk sa'ad da rumfa ta bayyana, har kafaɗarta ta sage. Ruwa ya ɗauke. Hanya ta yi ta sheƙi kamar kogin da aka zuba wa manja. Inna ba ta sake rufe ido ba.

Suka isa rana ta rage kamar faifai a kan rufin gidaje. Nazifi ya durƙusa ya gaida surukarsa, liman na duba sama. Suwaiba ta fito da jaririya tana kuka tana dariya, ta ɗora ta a hannun uwarta. Inna ta ji nauyin, ta sunkuya ta shaƙi kan.

Ta ce, "Sannu ƙawata. Kin sa tsohuwa ta hau iska, ta bi ƙofofin aljanu." Ta ɗago ta dubi Nazifi ta gefen mayafi. "Na taho ina jiran suna daga wani wuri, bai iso ba. Amma sunaye uku sun kawo ni. A cikinsu zan ɗauki ɗaya, yarinya ta tashi da halin mai shi."

Nan fa wuri ya ɗauki magana. Wasu suka ce Atika: ita ta hango abin da ba a gani ba, ta tsaya ita kaɗai a kan gaskiyarta ana yi mata dariya, ta ba da abincin bakinta. Ba don ita ba, da yanzu suna cikin duwatsu. Wani ya ce ai da ba ta karɓo abin ba, da ba a shiga layin haɗari ba tun farko.

Wasu suka ce Barira: tsakanin sanda da tirela, rayuka huɗu na ƙarƙashin tafin ƙafarta, ba ta firgita ba. Ba don ita ba, da taron nan ba na suna ba ne. Wata ta ce ai direba ce, ya kamata ta dubi gilashinta kafin ta tashi daga wurin hutawa.

Inna kuwa ita kaɗai ta san nauyin abin da Juwairiyya ta yi, don a wurin mutane tsintuwa kawai ta yi a ƙarƙashin kujera. Ta buɗe ƙofa, ta kuma rufa wa tsohuwa asiri. Amma in Inna ta zaɓe ta, za a tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da yarinyar ta binne. Kuma ko ba komai, abin da ta faɗa ba gaskiya ba ne.

Liman ya gyara murya, ya ce, "Hajiya, rana fa."

To jama'a, jaririya na hannun Inna, wuƙa na hannun mahauci. Wadda ta yi hangen nesa, ko wadda ta tsare rai, ko wadda ta tsare mutunci: sunan wacce ya cancanci a raɗa wa yarinyar nan? Ku kai maganar gaban iyayenku mata da ƙannenku masu tuƙi, kowa ya kawo hujjarsa, kada ku tashi sai kun tsayar da suna ɗaya.